Filin Malamin Gona: Kifi Ya Mutu a Tafki, Wa Za a Tuhuma?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan ruwa suka zo, don haka na ɗage tambayoyin tsutsar masara da na ajiyar albasa zuwa fitowa ta gaba. Masu su su yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Baba Malamin Gona, barka da aiki. Ni matashi ne, ina noman shinkafar rani a fadamar yankin Augie, gonar gado ce ni da ƙannena. A ƙarshen watan Maris aka wayi gari kifi ya taso a wani tafki da ke ƙasa da gonakinmu, ciki sama, fari fat. Masunta suka zo da fushi suka ce mu muka kashe musu kifi da maganin feshi, mu kuma muka ce ai su ke zuba guba a ruwa. Ba don dattawa sun shiga tsakani ba, da an zubar da jini. Baba, don Allah faɗa mini gaskiya: abin da muke zubawa a gona zai iya kashe kifi a tafkin da ke nesa da mu? In ma zai iya, ni kaɗai in na gyara alhali maƙwabta ba su gyara ba, me na yi? Daga ɗanka, manomi a Augie.

AMSA: Ɗana, Allah ya saka wa dattawan nan da alheri. Amsar tambayarka ta farko ita ce e, zai iya. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma gawar kifin da kanta tana nuna abin da ya kashe ta. Da an duba tun ranar, da rabin rigimar bai tashi ba.

Hanya biyu kifi ke mutuwa a tafkin fadama. Ta farko guba ce kai tsaye. Magungunan ƙwari irin su lamda da sifametirin, waɗanda muke fesa wa shinkafa da tumatir da barkono, ɗan kaɗan ya ishe su kashe kifi. In guba ce, za ka ga kifi yana juye-juye yana tsalle, ƙanana ne ke fara mutuwa, rana tsaka ma tana kashewa, kuma za ka tarar da kwaɗi da ƙwarin ruwa a cikin matattun. Ta biyu ta fi ɓoyewa, kuma taki ke kawo ta. Yuriya da kamfa in suka bi ruwa suka shiga tafki, aikin da suke yi wa shinkafa shi suke yi wa gansakuka da kainuwa, sai ruwa ya koma kore shar. Da rana tsirran nan suna sakin iskar oksijin da kifi ke rayuwa da ita, da dare kuwa su ma shaƙarta suke yi, ga waɗanda suka ruɓe a ƙasa su ma suna cinye ta. A Maris da Afrilu ruwa ya ja baya, ga zafi, ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe iska da yawa. Gab da asuba sai ta ƙare ƙaf. Shi ya sa irin wannan asara wayar gari ake yi da ita. Alamarta ita ce kafin fitowar rana kifi ya taru a saman ruwa yana buɗe baki, manya su fara mutuwa, amma tarwaɗa da gaiwa su tsira, don su suna iya shaƙar iskar sama. Ka koma wurin masuntan da suka fara isa bakin tafkin ka tambaye su: manya suka tsinta ko ƙanana, wane launi ruwan ya yi, akwai tarwaɗa a cikin matattun? Zuwan naka kaɗai zai sanyaya musu zuciya, don za su ga ba ka raina asararsu ba.

Batun nisa kuwa, cire shi daga ranka. Gulbin da ke ratsa ku daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, ya haɗu da Rima da ya sauko ta Goronyo a kusa da birnin Sakkwato, sannan ya gangaro muku Augie, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi gulbin Zamfara da ya biyo ta Anka da Gummi da Jega, ya je ya faɗa Kwara. Duk wanda ke zaune a kan wannan layi sauran ruwan wani yake sha. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, fadamar da a da take hutawa da rani yanzu sau biyu ake nome ta, wani wurin ma sau uku. Ni ba na cikin masu kukan wannan, na ga gidajen da aka rufa da kwano da yaran da aka aurar da kuɗin shinkafa. Sai dai taki da magani sun ninku, gulbi kuwa bai ƙara faɗi ba.

To, sai tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Gaskiya ka faɗa, gyaranka kai kaɗai ba zai ceci tafkin ba. Amma kada ka tsaya kallon gulbi gaba ɗaya, zai karya maka gwiwa. Ka duba magudanarku kawai. Gonaki nawa ne ruwansu ke zubewa ta hanya ɗaya zuwa wannan tafki? Ka bi ta da ƙafa daga kai har gindi. Za ka tarar masu gonakin duk ka san su, masallaci ɗaya kuke Juma'a, wasu ma surukanka ne. Iyakar mutanen da kake buƙata ke nan.

Lokacin da nake bakin aiki, a wani ƙauye a ƙasar Argungu mun taɓa fuskantar irin wannan tsamin dangantaka. Ba mu fara da kiran taro ba. Bayan sallar asuba muka bi magudanar, ni da Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da wani yaro riƙe da buhu, duk kwalbar magani da muka gani ya jefa a ciki. Har muka isa inda masu feshi ke ɗibar ruwa. Wurin a tattake, ciyawar bakin ruwa ta ƙone ta yi rawaya, a cikin sawun ƙafafu akwai ɗan ruwa fari-fari mai maiƙo a sama, ga warin nan da ke kama maƙogwaro. Wata kwalba tana kife a cikin laka, bakinta a buɗe. Ƙasa kaɗan da nan, inda muryarka za ta kai ba sai ka ɗaga ta ba, 'yan mata ne ke wanke kwanuka suna cika jarkoki. Sarkin Noma ya tsaya shiru, don ɗaya daga cikinsu jikarsa ce. Da hantsi muka juye buhun a ƙofar gidan hakimi. Babu wanda ya yi wa'azi. Kowa ya zo ya ga irin kwalbar da yake saye a cikin tarin.

Ka yi irin wannan zagaye, kuma lallai a yi shi da masuntan tare. Bayan nan a zauna a gaban hakimi, a kuma sanar da uban ƙasa. Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da liman ba sai na faɗa ba. Waɗanda ake mantawa su ne suka fi muhimmanci. Ardo, domin shanunsa ne ke fara shan ruwan, kuma kashinsu a bakin tafki shi ma taki ne da ke ƙara wa ruwan kore. Samarin da ake biya su yi feshi, domin hannunsu ne ke kan famfo, ba na mai gona ba. Mai shagon magani na kasuwarku, wanda a yau shi ne malamin gonar mafi yawan manoma, ko muna so ko ba ma so. Sai wata dattijuwa da mata ke jin maganarta, don su ke ɗibar ruwa, su ke turara shinkafa da shi, su ke fara ganin ƙuraje a jikin yara.

Kada ku jera dokoki ashirin. Ku ɗauki kaɗan waɗanda ido zai iya gani in an karya. Babba a ciki: ba a haɗa magani ko wanke famfo a bakin ruwa. A ɗebo ruwa da bokiti mai tsabta, a tafi can cikin gona a haɗa, ruwan ɗaurayar famfo kuma a fesa shi a gonar. Sai toshe mafita: duk wanda ya zuba taki ko maganin ciyawa a fangali ya rage ruwan tukuna, ya toshe bakin, ya bar shi kamar mako guda kafin ya sake shi. A nan za ka gane dalilin da ya sa mutum ɗaya ba zai iya ba. A fadamarmu ruwan wani ta gonar wani yake bi. In na sama da kai ya sake ruwa ranar da ka zuba yuriya, takinka ya tafi. Dole ku daidaita ranakun zuba taki da na ban ruwa, ɓangare-ɓangare. Sannan a ajiye durum a shagon mai magani, kowa ya mayar da kwalbarsa. Kuma ba a feshi in iska na kaɗawa wajen ruwa ko hadari ya haɗu, ranar babban feshi kuma a aika wa masunta da makiyaya.

In ka je musu da zancen kifi kaɗai, wasu za su ce kifi ba nasu ba ne. Ka je musu da lissafin aljihu. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, amma in aka watsa shi a cikin ruwa mai zurfi, abin da shinkafa ke amfana da shi bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Wani ya tashi iska, wani ya bi ruwa. A farashin takin yau, wane magidanci ne zai ji wannan bai gyara zama ba? A sa kamfa lokacin dashe a cuɗa shi da ƙasa, a raba yuriya biyu, rabi sa'ad da shinkafa ke fitar da 'ya'ya, rabi in ta kusa ɗaukar ciki. Inda ake samun dunƙulen yuriya, a tura shi cikin laka zurfin ɗan yatsa a tsakiyar gindi huɗu, sau ɗaya ya isa, kuma ciyawa ba ta samun rabonta.

Game da tara ga wanda ya karya, ku yanka abin da za a iya biya a kuma iya karɓa, ko da a hannun ɗan hakimi ne. Ranar da aka ɗaga wa wani ƙafa don girmansa, ranar dokar ta mutu. Kada wani ya ce maka mutanenmu ba sa bin dokar ruwa. Gulbin Matan Fada da ke Argungu shekara ake yi ba a jefa koma a cikinta sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma Kabawa sun riƙe wannan har bikin kamun kifin da aka fara a 1934 ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Jama'ar da ta iya hana kanta kifin da take gani da ido, za ta iya hana kanta wanke famfo a bakin gulbi.

Gargaɗi ɗaya. Na ga ƙungiyoyi da yawa da aka kafa don an ji labarin tallafi na tafe: a zaɓi shugaba da ma'aji, a buga hatimi, a zauna jira. Tallafin bai zo ba, ƙungiyar ta watse. Ku fara da gayyar share magudana da kwashe kainuwa, wadda ba ta buƙatar ko sisi. Kainuwar ma in ta bushe ta ruɓe taki ce.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a yankin Suru. Maigidana da yayyensa suna feshi, kwalaben suna dawowa gida, yara na zuba kunu a ciki su tafi makaranta. Ina wanke su da omo da ruwan zafi sosai. Da rani kuma ruwan rijiyar gona muke sha, ina tafasa wa jaririna ina sa alif. Hakan ya isa? Daga wata uwa a Suru.

AMSA: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya miki su. Amma bai isa ba, kuma ina roƙonki tun yau ki raba yaran nan da kwalaben. Roba tana shan magani a jikinta, omo da ruwan zafi ba sa fitar da shi duka. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta komawa ta kunu ko manja ko buta har abada. Aikin maigida ne tun a gona: da ta ƙare ya zuba ruwa kwata, ya rufe ya girgiza, ya juye a cikin famfon feshi, ya yi haka sau uku, sannan ya huda gindinta da ƙusa don kada wani ya tsinta ya yi sha'awa. Kada a ƙona ta kusa da gida, hayaƙin ma guba ne. Kayan da ya yi feshi da su a wanke su daban, ba tare da na yara ba, ba kuma a gulbi ba.

Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, alif yana kwantar da laka, duk suna da kyau. Sai dai ba sa cire maganin feshi, ba sa kuma cire naitiret da taki ke bari a ruwa. Tafasawa ma ƙara masa kauri take yi tunda ruwan na ƙonewa. Rijiyoyin fadama gajeru ne, a tsakiyar gonar da ake zuba wa taki suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a miligiram 50 cikin lita ɗaya, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. In jaririnki bai kai wata shida ba, nono kaɗai ya wadatar da shi. Na sauran gida kuma a ɗebo daga burtsatsen cikin gari ko da da nisa.

In, Allah ya kiyaye, yaro ya sha ko ya shaƙa, kika ga yawu na dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta ƙanƙance, kada ki ba shi manja ko madara, kada ki sa masa yatsa don ya yi amai. A cire masa riga, a wanke jikinsa, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya ga sunan. Maganin ciyawar nan farakwat ba shi da makari, kurɓa ɗaya na iya kisa. NAFDAC ta sanar da hana shi daga farkon 2024, amma har yanzu ana cin karo da shi a kasuwannin ƙauye.

Kada ki ga kamar maganar ta fi ƙarfin mata. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma ta kashe yara sama da 400, kuma a turmin gida ta shiga, inda ake daka dutsen zinariya a tsakar gida. Magani da kwashe ƙasa sun taimaka, amma sai da sarakuna da jama'a suka yarda a fitar da dakan daga gidaje. Ki tara matan gidanku da na maƙwabta, ku tattara kwalaben unguwa ku kai wa mai unguwa. In mata suka ce kwalba ba za ta ƙara shiga gida ba, ba za ta shiga ba.

TAMBAYA: Malam, na ji kana cewa a rediyo a bar fili a bakin gulbi ba a noma ba. Shekarata saba'in da 'yan kai, gonata a bakin ruwa take a ƙasar Bunza, kuma wannan bakin shi ne mafi albarka. In na bar shi wa zai biya ni? Mai gonar da ke can baya shi bai yi asarar komai ba. Daga wani dattijo.

AMSA: Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Ƙorafinka yana kan hanya, kuma duk mai ba da wannan shawara bai amsa shi ba, bai gama magana ba.

Ba cewa na yi a bar shi kango ba. A sa masa abin da ba ya son feshi kuma yana riƙe ƙasa. Jema ce kan gaba: saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, in aka dasa ta a jere ta haɗe, ruwan gona sai ya tsaya ya ajiye lakarsa kafin ya wuce, laka kuwa tana ɗauke da wani ɓangare na taki da magani. Ga ta kuma da kasuwa wurin masu zana da jinka. Ta ɓangaren ruwa burugu, wanda makiyaya da masu kiwon sallah ke saye dami-dami da bazara. Ta tudu gamba, da 'yan itatuwan giyayya ko mangwaro. Taku biyar zuwa goma ma farawa ne. Kai da ka ga ambaliyar 2020 ka san gaɓar da ta zube da wadda ta tsaya. Ka tuna wace ce aka nome har bakin ruwa.

Amma asarar shekarun farko gaskiya ce, kuma bai kamata ta faɗa kanka kai kaɗai ba, tunda kowa zai ci moriyar ruwan. A zaman da za a yi a gaban hakimi ka tsaya a kan wannan. Masu gonakin baya su zo gayyar dashen jemar. In ana karɓar kuɗin man inji ko na gyaran magudana, a sauƙaƙa wa masu bakin ruwa. A yarda cewa ciyawar ta mai gona ce, ba a sakar mata dabbobi, a kuma ware wa makiyaya mashaya ɗaya sananniya da hanyar zuwa gare ta, don su ma ba za a ce su bar shanu da ƙishi ba. In ba a yi maka wannan adalci ba, ni ma ba zan matsa maka ba.

TAMBAYA: Malam, mu masunta ne a Yawuri. Kullum ana cewa mu ke zuba gubar gamalin a ruwa. Wasu 'yan tsiraru ne ke yi da dare, sun ɓata mana suna. Mun san su amma 'yan uwa ne. Yaya za mu yi? Daga wani Basarke.

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da ka faɗi wannan da bakinka, ya fi ƙarfi a kan in manomi ne ya faɗa. Gamalin ba ya zaɓe. Yana kashe giwan ruwa, ya kashe 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba, ya zauna a laka shekaru, ya taru a kitsen kifi ya shiga cikin mai ci. Sinadarinsa, lindan, ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin waɗanda za a daina tun 2009, dokar kamun kifin ruwan cikin ƙasa ta 1992 kuma ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ko bawali a ruwan da ba ya gudu, balle guba.

Zumunci ba ya hana gaskiya. Ku kai maganar wurin Sarkin Ruwa a matsayin jama'a, kada a bar mutum ɗaya ya zama mai kai ƙara. A ja musu kunne a asirce sau ɗaya, in sun sake a ƙwace jirgi na wani lokaci. Dillalan kasuwar kifi ta Yawuri su ma su shigo, don sun fi kowa gane kifin guba, jikinsa saki yake yi ya lalace da wuri. In ba mai saye, ba mai zubawa. Kuma tunda an buɗe zancen, ku duba masu yayyafa wa banda fiya-fiya don ƙwari. Irin wannan sinadari, DDVP, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ranar da kuka tsabtace naku ɓangaren, in kun zauna da manoma ba wanda zai iya rufe muku baki.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a jami'ar Aliero. Ƙauyenmu na son fara irin wannan haɗin kai. Akwai hukumar da za ta taimaka? Kuma in kifi ya sake mutuwa ina za mu kai rahoto? Daga 'yarka.

AMSA: 'Yata, akwai, amma ku fara aikin kafin ku je, an fi sauraron wanda ya zo da abin nunawa. Matakin farko malamin gona na KARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kebbi, da ke kula da yankinku da sashen noma na ƙaramar hukuma. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja, a kan tsarin magudanun ruwa aka gina shi, kuma yana da ofishi a jiha. Ku je da takarda mai sa hannun hakimi. Waɗanda ke ƙarƙashin madatsa irin Bakolori suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke hulɗa da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, sai su sa batun magudana a cikin ajandarsu maimakon kafa sabuwa. Gurɓata muhalli aikin hukumar kare muhalli ta tarayya ne, wato NESREA, da ma'aikatar muhalli ta jiha, jabun magani ko haramtacce na NAFDAC, binciken kifi kuma akwai cibiyarsa ta tarayya a Sabuwar Busa. In kun samu zama da jami'ai, ku roƙi abu ɗaya: duk lokacin da za a yi feshin tsuntsayen jan-baki da jirgin sama, a sanar da ƙauyukan bakin ruwa tun da wuri.

Ke kuma ga naki aikin, tunda kina da biro da waya. Ki zana taswirar magudanarku a babban kwali, ki sa gonaki da mashaya da wurin wanki da rijiyoyi. Ki buɗe littafi, duk mako a rubuta launin ruwa da abin da aka fesa da abin da masunta suka kama. Ki nemi wani malaminku na sashen kimiyya ya ba ɗalibai gwajin ruwan ƙauyenku a matsayin aikin kammala karatu.

In kifi ya mutu, sauri ake so, don bayan kwana ɗaya ruwan ya sauya. A ɗauki hoto da bidiyo, a rubuta rana da sa'a. A ɗebi ruwa a kwalbar gilashi mai tsabta, a cika ta taf a rufe, ɗaya daga inda abin ya faru, ɗaya daga sama da wurin, a rubuta a jikin kowace. A ɗauki kifin da bai gama mutuwa ba ko wanda ya mutu yanzu-yanzu, a naɗe shi a sa a cikin kula mai ƙanƙara, a kai a ranar. A sa mai shela ya zagaya gari cewa kada a ci kifin, kada a kai shi kasuwa, kada a shayar da dabbobi a wurin har sai sakamako ya fito.